'Yan ajinmu sun gayyace ni filin harbi a Texas, in je ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a Houston, wata takwas kenan da zuwana. 'Yan ajinmu sun ce ranar Asabar za su je wajen harbi, irin wanda kowa ke biya ya shiga ya yi hayar bindiga, sun ce in zo mu tafi tare. Wallahi ina son zuwa don ban taɓa riƙe bindiga ba, iyakata in ga ta 'yan sanda a shingen hanya ko ta 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, amma kuma gabana na faɗuwa. Akwai matsala in na je? Me zan tarar a can, kuma me zan kiyaye?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh tunda ka ce kai ɗalibi ne, mu ajiye maganar bindigar tukuna mu fara da fasfo ɗinka, don nan gizo ke saƙar, kuma 'yan ajin naka ba lallai su san da wannan ba tunda su 'yan ƙasa ne abin bai shafe su ba. Shekaruna da dama ina aikin kula da masu harbi a ƙarshen mako, kuma wannan ce tambayar farko da nake wa duk ɗan gida da ya ce min zai zo: da wace irin biza ka shigo?

Dokar tarayyar Amurka, sashe na 922 a kundi na 18, ta hana baƙon da ya shigo da bizar zaman ɗan lokaci ya riƙe bindiga ko harsashi. Bizar karatu F-1 tana ciki, ta ziyara tana ciki, ta aiki irin H-1B ma tana ciki. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, shi ba ruwansa da wannan. Kuma ka lura dokar ba a kan saye kaɗai ta tsaya ba, abin ya kasance a hannunka ma ya isa, hukuncin kuwa yana iya kai shekara 15 a gidan yari tun gyaran da aka yi a 2022, da can 10 ne, balle kuma bizar da karatun da za su bi ruwa. Akwai wani ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Rehaif da ya zo karatu wata jami'a a Florida, aka sallame shi saboda bai ci jarabawa ba, bai bar ƙasar ba, ya je filin harbi ya harba bindiga biyu, aka gurfanar da shi aka yanke masa wata 18. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 2019 alƙalai 7 cikin 9 suka ce dole gwamnati ta tabbatar mutum ya san yana cikin rukunin da aka hana. Shi matsalarsa zamansa ya riga ya ƙare, taka daban ce, amma sashen dokar ɗaya ne, kuma ka ga daga ina abin ya faro, ɗan nishaɗin yini ɗaya.

Mafita akwai, kuma a cikin dokar take. Baƙon da ke da lasisin farauta mai rai wanda wata jiha ta Amurka ta ba shi, hanin bai hau kansa ba. A jiharku hukumar Texas Parks and Wildlife ke bayarwa, ana saye ta intanet ko a shagunan kayan farauta, yawancinsu kuma ranar 31 ga Agusta suke ƙarewa, saboda haka ka riƙa duba kwanan wata, lasisin bara takarda ce kawai. Eh na sani abin dariya ne, ba barewa za ka je harbi ba takarda za ka huda, amma haka aka rubuta dokar. Kar kuma ka ce ai masu wajen sun karɓi fasfona da kuɗina sun bar ni na shiga, yaron da ke kan kanta ba shi zai tsaya gaban alƙali ba. Shawarata kafin Asabar ɗin nan ka leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka faɗa musu, in da hali ka ji ta bakin lauyan shige da fice, in lasisin bai samu ba ka ce wa abokan su ɗaga zuwa wani makon, filin ba guduwa zai yi ba.

Sai hoto. Na san halinmu, mutum na riƙe bindiga sai ya ce a ɗauke shi ya sa a Instagram ko sitatus. Tun 2019 masu neman bizar Amurka suke rubuta sunayen shafukansu na sada zumunta a fom, ka ga hoton nan shaida ce ka ajiye wa kanka da hannunka. Ga kuma mutanen gida, a irin halin da Arewa ke ciki Hajiya ta ga ɗanta da ta tura karatu rungume da bindiga, ai ranar ba mai barci.

Toh mu ɗauka takardu sun kammala. Filayen iri biyu ne, akwai na cikin gini wanda yawanci tsawonsa yadi 25 ne, akwai na sarari, wasu na hukumomin jiha ne kamar Ben Avery da ke Phoenix a Arizona, waɗanda harajin da ake ɗora wa bindigogi da harsasai ke taimaka wa ginawa. Tunda haya za ku yi, da alama na cikin gini za ku. Za ka ba da katin shaida, ka sa hannu a takardar cewa in wani abu ya same ka ba ruwansu, wasu wuraren su nuna maka ɗan bidiyo, ka biya kuɗin layi da na haya da na harsashi, don bindigar haya harsashinsu kawai suke yarda a sa mata, kwali ɗaya guda 50 ne. Wurare da yawa ba sa ba wanda ya zo shi kaɗai hayar bindiga, saboda an sha samun masu zuwa su kashe kansu, kar ka ɗauka don kai baƙi ne ko baƙo. Ka faɗa musu kai tsaye cewa yau ne farkonka. Ba abin kunya ba ne, mu masu aikin mun fi son mai cewa ban iya ba a kan mai cewa ai na sha gani a fim.

Ƙofa biyu ce tsakaninka da ciki, kuma kafin ka buɗe ta farko kunnenka a toshe, tabarau a ido. Kana shiga abin da zai fara dukanka ba ƙarar ba ce ma, wani dum ne da za ka ji a ƙirji duk sanda na kusa da kai ya harba, ga warin albarushi irin na ranar hawan daushe amma a rufaffen ɗaki. Kowa da ɗan akurkinsa, da kanta a gabansa, takardar saiti na rataye a waya kana danna maɓalli ta tafi ta dawo. Za ka zabura sau biyu sau uku, kowa ma haka ya yi, ka tsaya minti biyar kana kallo kawai har jikinka ya saba.

Ƙa'idojin da za ka ji ana ta maimaitawa guda huɗu ne, wani tsohon sojan Amurka Jeff Cooper ne ya yaɗa su, kuma duk filin da ka je su ne dai. Kowace bindiga ka ɗauke ta a matsayin mai harsashi a ciki ko da yanzu aka ce maka babu. Bakinta kar ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, wato kullum yana fuskantar can gaba inda takardar take. Mu wannan ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, hadisi ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, don bai sani ba ko shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Sai wadda sababbi suka fi karyawa, yatsa. Hannun ɗan Adam da ya kama bindiga manuniya da kanta take zarcewa kan kunama, kai kuma aikinka ka miƙe ta ɗoɗar a gefen bindigar sama da kunamar har sai ka yi saiti ka yanke shawarar harbi. Dalili, in ka zabura ko ka yi tuntuɓe hannu damƙewa yake yi gaba ɗaya ba tare da ya yi shawara da kai ba.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wani bawan Allah ɗan yankinmu ya zo da kaftani mai buɗaɗɗen wuya, fes da shi kamar mai zuwa ɗaurin aure, harbi na uku kwanson harsashi ya daki bangon akurkin ya dawo ya faɗa masa cikin wuyan riga. Kwanson nan da zafinsa yake fitowa kamar an tsamo shi daga murhu. Mutumin ya yi tsalle ya juyo gaba ɗaya yana kakkaɓe riga da bindigar a hannunsa, yatsa a kan kunama, bakinta ya share abokinsa ya share ni, Allah ne dai ya tsare na kai hannu na danne damtsensa ƙasa. Tun ranar duk wanda zan koya wa sai na ce masa, in kwanso ya shige maka riga ka bar shi ya ƙona ka, ka fara ajiye bindigar a kan kanta bakinta gaba, sannan ka yi rawarka. Ƙunar kwana uku ce ta warke. Saboda haka ka sa riga mai rufaffen wuya, takalmi sau-ciki ba silifa ba, da hular hana-sallah don kar kwanso ya maƙale tsakanin tabarau da ido. Babbar riga da jallabiya a bar su sai Juma'a. In da mace a cikinku mai hijabi, hijabin ma kariya ce ga wuya, sai dai ta sa abin toshe kunne na soso daga ciki, don na kifawa ba ya zama daram a kan mayafi.

Kunnen nan kar ka yi wasa da shi. A ma'aunin ƙarfin ƙara, hirar mutane kusan desibel 60 ce, daga 140 ƙara ɗaya tak tana iya yi wa ji lahani, ƙaramar bindiga mai cin 9mm kuwa tana kai wajen 160. A cikin gini ka haɗa biyu, na soso a ciki na kifawa a sama. Ni kunnena na hagu har yau yana min wani siririn kuka in dare ya yi tsit, sakacin ƙuruciya ne, kuma ba ya warkewa.

Wajen zaɓen bindiga ka ce a ba ka .22, ƙaramin harsashi ne ba ta da tokari sosai, ka kawo takardar kusa kamar yadi 5 zuwa 7, kuma harbin farko a sa maka harsashi ɗaya tak a magazin, wato gidan harsashi, don in ka firgita ka juya ba sauran abin da zai fita. Abokai za su zuga ka ka gwada babba don su yi dariya su ɗauki bidiyo, ka ce a'a. A watan Agustan 2014 a Arizona an ba yarinya 'yar shekara 9 bindiga ƙirar Uzi mai sarrafa kanta, tokarin ya ɗaga bakin bindigar ta harbe mai koya mata ya mutu, kuma shi ƙwararre ne yana tsaye a gefenta. In fistol ce kar babban yatsanka ya zauna a bayan ƙarfen saman nan da ke ja da baya, yanka yake kamar reza. In ka ja kunama ka ji ƙyas ba ta tashi ba, ko ta yi wata 'yar ƙara mara ƙarfi ba kamar sauran ba, kar ka sake ja kar kuma ka leƙa bakinta, ka bar ta tana kallon gaba kamar daƙiƙa 30 ka ɗaga ɗaya hannun, ma'aikaci zai zo, don wani lokacin harsashin maƙalewa yake a cikin bututun, na biyu in ya same shi bindigar fashewa take. Da ka ji an ce sis faya, wato a tsagaita wuta, ko daga bakin waye, cire yatsa, ajiye, ja da baya. Abu ya faɗi gaban layi ko wayarka ce, ka bar shi ka kira ma'aikaci.

Akwai dalma a harsashi da ƙurar da ke tashi, mu kuwa da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Zuwa ɗaya ba zai kwantar da kai ba, amma ba ci ba sha a ciki, ko cingam, kana fitowa ka wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi kafin ka taɓa abinci, kayan da ka sa a wanke su daban, mai juna biyu kuma ta zauna a gida kawai.

Kafin ka shiga mota ka zazzage aljihu da jaka, ka duba ƙasan takalmi don kwanso na maƙalewa a tsagar sol. Kar ka ɗauki ko ɗaya wai na tarihi. A 2024 an kama Amurkawa da dama a tsibiran Turks da Caicos na yankin Karebiyan saboda 'yan harsasan da suka manta a jakar tafiya, a Najeriya ma riƙe harsashi ba lasisi laifi ne tun dokar makamai ta 1959, kai kuma hutu na zuwa za ka sauka Kano ko Abuja kwastan su buɗe jaka. Jakar da za ka je filin da ita ma kar ta zama wadda kake hawa jirgi da ita.