Ba Turancinki ne ya gaza ba, bakin Yorkshire kika ci karo da shi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Saƙonki ya shigo tun shekaranjiya ina wurin aiki, a tsaye na karanta shi a kicin ina ta dariya ni kaɗai har wata abokiyar aikina ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Kin ce kin samu gurbin mastas ɗin adabin Turanci a nan arewacin Ingila, sun turo miki jerin littattafan da za ki karanta kafin Satumba, kin ɗauko Wuthering Heights kina tafiya lafiya lau sai ga tsohon baran nan Joseph ya buɗe baki, daga nan kai ya kulle, kin duba ƙamus ɗin wayarki babu kalmomin, har kin fara tunanin ko jarabawar Turancin nan ta IELTS ma da sa'a kika ci. Wai kuma tsoro kike kar ki zo aji a yi miki dariya.

To ki kwantar da hankalinki, wallahi Baturen Landan ma haka yake fama da Joseph. Kuma ba yau aka fara ba. Littafin ya fito a 1847, marubuciyarsa Emily Brontë ta rasu a 1848, da aka zo sake buga shi a 1850 yayarta Charlotte da kanta ta bi maganganun Joseph ta sassauta rubutunsu saboda tana ganin mutanen kudancin Ingila ba za su gane ba. Kin ga in 'yan ƙasa sai da aka tauna musu, ke da kika koyi Turanci a aji a Kano meye abin kunya? Sai dai ki duba wanne bugu ne a hannunki, don wasu na asalin suke bi wasu kuma na Charlotte, in na asalin ne to kin ɗauko mai ƙashi.

Karin harshe ne kawai. Kamar dai ki ɗauki wanda ya koyi Hausa a littafi ki ajiye shi a kasuwar Sakkwato ya ji ana hura da hwari da macce da sabka, zai rantse ba Hausar da aka koya masa bace. Ita marubuciyar a Haworth ta tashi, wani ƙauye a kan tudu nan yankin Yorkshire kusa da mu a Bradford, yadda ta ji manoma da barori suna magana haka ta rubuta. Shi ya sa dabara ta farko ita ce ki daina karanta Joseph da ido, ki karanta da baki, da ƙarfi, ko da su Umma za su zata aljanu ne suka taɓa ki. Rabin abin da yake ba ki tsoro kalmomi ne da kin riga kin sani an rubuta su yadda ake furtawa. In kin ga t da waƙafi a sama a gaban kalma the ce aka haɗiye. Nowt ba komai, owt wani abu ko ma mene ne, summat wani abu, aye eh, tha ko thee kai ko ke. Waɗannan har yau ana faɗinsu a cikin bas, ba kayan tarihi ba ne.

Sai kuma waɗanda da gaske baƙi ne. Laik wasa, beck rafi, bairn yaro ƙarami, lass yarinya, ginnel ko snicket lungu tsakanin gidaje, mardy mai saurin kumbura baki da shagwaɓa, nesh wanda baya jure sanyi, wannan ta ƙarshen sunana ce a wurin aiki tun hunturun farko. Wasunsu irin laik da beck daga bakin Vikings suka shigo, mutanen Sikandinebiya da suka ci garin York a 866 suka zauna a yankin nan suka auratayya da mutane. Ita kanta wuthering ɗin da take jikin bango kalmar yanki ce, iskar nan mai kuwwa da take dukan gidan da ke kan tudu, a babin farko ma an yi bayaninta.

Amma gaskiya waɗannan ba su ne masu kayar da mutum ba. Kalmar da baki sani ba ai tsayawa za ki yi ki nema. Wadda take cin mutum ita ce wadda kika sani sarai tun firamare, kika wuce ta da gudu, alhali a bakinsu wata ma'ana gareta daban.

Bari in ba ki labarin kaina. Watana na biyu da fara aiki a gidan kula da tsofaffi, wata tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya tana zaune kusa da taga wajen ƙarfe uku na yamma, ta kira ni ta ce ita fa starved take. Ni kuma raina har ya ɓaci, a zuciyata na ce yanzu fa aka gama cin abinci amma ace an bar baiwar Allah da yunwa, na ruga kicin na gasa burodi na shafa bota na haɗo shayi na kawo mata a faranti ina ta ba ta haƙuri. Ta kalli farantin ta kalle ni, ta miƙo hannu ta kama nawa, hannun nan kamar ƙanƙara, sannan ta nuna tagar da aka bari a buɗe. Sanyi take ji. Bargo take so. Wata nas 'yar garin ta yi dariya har da riƙe ciki, ita ta faɗa min tsofaffin nan in sun ce starved sau da yawa sanyi ne ya kama su, yunwa kuma a da clemmed ake cewa musamman can ɓangaren Lancashire. Daga baya na gano asalin kalmar a tsohon Turanci mutuwa take nufi kawai, ko ta yunwa ko ta sanyi, sai kudu suka riƙe yunwa arewa suka riƙe sanyi. Kuma ki koma littafin da ke hannunki, akwai wurin da Catherine ta kwana a jiƙe bayan ruwan sama ya dake ta, da safe tana cewa a rufe taga starving take, haƙoranta suna kaɗawa. Na karanta wurin nan a jami'a a gida, na ci jarabawa a kansa, kuma duk tsawon lokacin na zata yunwa take ji.

Irinsu da yawa. While a nan tana iya zama har zuwa, in aka ce ki yi aiki nine while five to daga tara zuwa biyar ake nufi. Happen a farkon magana wataƙila ce. Tea ba shayi bane kullum, abincin dare ne, dinner kuma na rana, don haka in kika ga ma'aikacin ma'adinai a labari ya dawo gida yana faɗa kan ba a gama tea ba, ba wai ruwan bunu yake wa rigima ba, tuwonsa yake nema. In kin haura Sikotlan abin ya ƙara rikicewa, greet kuka ne ba gaisuwa ba, messages cefane, piece burodi mai haɗi a tsakiya da ake tafiya da shi wurin aiki, ken sani. In Trainspotting na Irvine Welsh na 1993 yana cikin jerinku to ken ɗin nan za ki gan ta kusan kowane shafi, ba sunan wani mutum bane, kamar yadda muke cewa kin gane ko a ƙarshen magana ne. Canny kuma a Newcastle yabo ne, abu mai kyau ko mutumin kirki, alhali a sauran wurare mai wayo da taka tsantsan ake nufi. Af, ki kiyaye, kar ki je gaban ɗan Sikotlan ki kira Scots karin harshen Turanci, da yawansu harshe ne mai zaman kansa a wurinsu kuma ba sa ɗaukar abin da wasa.

Ƙamus ɗin wayarki ba zai fitar da ke ba. Ki nemi English Dialect Dictionary, juzu'i shida ne, ya fito tsakanin 1898 da 1905, kuma yana intanet kyauta, Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya ce ta ɗora shi. Yana gaya miki ma'ana da kuma gundumar da ake faɗin kalmar, wannan na biyun shi ne mai amfanin. Wanda ya haɗa shi, Joseph Wright, ɗan nan gefen Bradford ne, tun yana shekara shida yake aikin kora jaki a wurin fasa dutse, daga baya masaƙa, bai iya karatu sosai ba sai da ya kai wajen sha biyar, ƙarshe ya zama farfesa a Oxford. Ni duk sanda na ji kasala ta kama ni shi nake tunawa. Na Sikotlan kuma akwai Dictionaries of the Scots Language, shi ma kyauta. Jami'ar Leeds ma ta bi ƙauyuka 313 tsakanin 1950 da 1961 tana tambayar tsofaffi yadda suke kiran abubuwa, in kin zo kina son abin rubuta kundi ga fili nan.

Abin da malamanki za su fi so ki gani kuma ba fassarar bace, wa aka ba wa wannan bakin a cikin labarin kuma wa aka hana. Ki lura, mai ba da labari da masu gida Turancin makaranta suke yi, bara da manomi da mai haƙar kwal su ake rubutawa da karin harshe. A Sons and Lovers na D. H. Lawrence, 1913, uban ma'aikacin ramin kwal ne yana magana da bakin Nottinghamshire, uwar kuma da Turancin 'yan boko, tun kafin a gaya miki auren ya lalace kunnenki ya riga ya ji. A Ingila baki shi ne yake tona asalin mutum da ajinsa, da kin yi jimla biyu sun san unguwarku. Mu ma ai ba baƙon abu bane a wurinmu, a finafinanmu in ana so a yi dariya wa ake sa wa bakin ƙauye ko Sakkwatanci? Ba kasafai ake ba wa likita ko babban jarumi ba. Ni a ganina wannan shi ne abin da za ki shiga aji da shi wanda 'yan ajinku da yawa ba su da shi, kin san yadda abin yake ta ɓangare biyu. Marubutan baya bayan nan kuma juya abin suka yi, suka ba wa bakin talaka labarin gaba ɗaya, James Kelman ya ci kyautar adabi ta Booker a 1994 da littafin da aka rubuta da bakin Glasgow kuma sai da aka yi ta cece kuce a kai, a 2020 Douglas Stuart ya ci da Shuggie Bain wanda mutanen cikinsa su ma bakin Glasgow suke yi.

Abu biyu ƙanana kafin in tashi, don asuba zan fita. Direban bas ko mai kanti zai ce miki love, a Nottingham duck, a Newcastle pet, kar ki haɗe rai ba neman ki yake ba, kowa haka ake ce masa har maza. Sannan kar ki yi saurin kwaikwayonsu, na taɓa gwada nowt a gaban tsofaffina sati guda suna tsokanata da ita, ki bari ta shigo bakinki da kanta, kuma kar ta kuskura ta shiga rubutun da za ki miƙa wa malami sai dai in misali kike kawowa.

In Allah ya kawo ki lafiya ki ware min Asabar ɗaya, jirgin ƙasa za mu hau zuwa Keighley mu shiga bas zuwa Haworth, gidan su Brontë yana nan an mayar da shi gidan tarihi, sai mu haura tudun ki ji iskar da kunnenki. Ki taho da rigar sanyi mai kauri don na san ke ma nesh ce, da kuka da daddawa in akwai wuri a jaka. Ki gaida min Umma.