Shin Annabi ya hana sunan Asiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Allah ya albarkace mu da 'ya mace a nan Jekadafari, cikin garin Gombe, kuma na yi niyyar yi wa mahaifiyata takwara, sunanta Asiya. Sai wani abokina ya ce Annabi (SAW) ya taɓa canza wa wata mace wannan suna, kuma sunan ba ya cikin Alƙur'ani. Ga ranar suna ta matso, mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Abokinka ya ji hadisi ingantacce, sai dai ya ɗora shi a kan sunan da ba shi ake nufi ba, kuma harshenmu ne ya jawo ruɗanin. A Larabci sunaye biyu ne daban, waɗanda bakin Bahaushe yake furtawa iri ɗaya, domin babu harafin ain da sad a Hausa. Na farko yana farawa da ain, sannan sad ya biyo baya, daga tushen da kalmar ma'asiya ta fito, ma'anarsa mai saɓo. Shi ne Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wata 'yar Sayyidina Umar tana ɗauke da shi, Annabi (SAW) ya mayar da ita Jamila. Na biyu kuwa da alif mai madda yake farawa, sannan sin, kuma shi ne sunan matar Fir'auna wadda ta roƙi mijinta kada a kashe jariri Musa, kamar yadda ya zo a aya ta 9 ta Suratul Ƙasas. Ita ce Allah ya buga misali da ita ga muminai a aya ta 11 ta Suratut Tahrim, inda ta roƙi a gina mata gida a wurinsa cikin Aljanna. A hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Buhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ambace ta da sunanta tare da Maryam 'yar Imrana a matsayin matan da suka kai ga kamala. Wannan Asiyar iyayenmu suke nufi idan sun raɗa sunan.

Gaskiya ne cewa sunan bai zo cikin Alƙur'ani ba, amma wannan ba aibi ba ne. Mace ɗaya tak Alƙur'ani ya kira da sunanta, wato Maryam. Hauwa'u, Hadiza, A'isha da Fatima duk daga hadisi da tarihi muka san sunayensu, haka kuma Bilkisu, wadda Suratun Namli ta ba da labarinta a matsayin sarauniyar Saba'i ba tare da suna ba. Cikin sahabbai ma Zaidu kaɗai aka ambata, a aya ta 37 ta Suratul Ahzab, don haka da wannan sharaɗi ne, da babu Abubakar balle Buba da Garba da suka cika Gombe da Bauchi. A ɗaya ɓangaren kuma, Fir'auna da Hamana da Ƙaruna duk suna cikin Littafin, amma babu uban da zai yanka rago ya sa wa ɗansa ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa ba na goyon bayan abin da wasu suke yi yanzu, na buɗe Mus'hafi su tsinci kalmar da ta yi musu daɗi a kunne su mayar da ita suna, ba tare da sun tambayi ma'anarta ba. Abin da shari'a ta lura da shi shi ne kyawun ma'ana da nagartar wanda aka yi wa takwara.

Saboda haka ka sa wa 'yarka sunan kakarta babu wata fargaba, ko da yake na san a gida Ummi ko Mama za a riƙa kiranta saboda alkunya. Abu ɗaya kawai zan ja hankalinka a kai: ranar da za a kai ta Islamiyya, ka tsaya ka ga yadda malami zai rubuta sunan da Larabci a rajista, ka tabbata da alif da sin ya rubuta, ba ain da sad ba.