A Mararaba muke kwana, amma katinanmu suna wani wuri

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa unguwannin gefen manyan birane suke cike maƙil da jama'a, amma ranar zaɓe ƙuri'ar ba ta kai yawansu, kuma wace jam'iyya ma suke bi. Bari in ba ka labarin inda nake zaune. Shekarata 14 ina haya a Mararaba, ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, kullum da asuba ina cikin cunkoson hanyar Keffi zuwa Abuja.

Wanda ya tsaya a gadar Mararaba da ƙarfe shida na safe zai rantse duk ɗan takarar da ya samu mutanen nan ya gama cin zaɓe. To amma kwana a wuri daban, rajista a wurin daban. Gidan da nake ɗaki 12 ne. Ana saura kwana kaɗan zaɓen 2023 muka zauna a tsakar gida bayan isha'i, kowa ya ɗauko katinsa na zaɓe, da wasa muka fara. Mu uku kacal ne rumfarmu take Karu. Mai nama nasa na Funtuwa, tela nasa na Zariya, wata malamar asibiti nata na Binuwai. Mutum biyu kuwa a Wuse ta cikin Abuja suka yi rajista, kusa da wurin aikinsu, saboda can ne suka samu sarari da rana. Su ne ma suka fi ba ni tausayi. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, kati na aljihu, rumfa na cikin Abuja, ba wanda zai taka daga Mararaba zuwa Wuse da ƙafa.

Mu 'yan Arewa da ma al'adarmu ita ce a tafi gida a yi zaɓe, a haɗa da ganin iyaye. A 2015 da 2019 na ga yadda tasha ta cika tun ranar Alhamis. A 2023 sai canjin kuɗi ya zo ya karya wannan lissafin. Takardar naira ta yi ɓatan dabo, masu POS suna yankar mutane, ga layin mai. Mai naman nan da kuɗinsa a banki, amma ya rasa abin da zai miƙa wa direba a hannu. Bai je Funtuwa ba, nan ma ba shi da damar jefawa. Ranar 25 ga Fabrairu a bakin teburinsa ya wuni yana jin sakamako a rediyo. Da na ji cewa a ƙasa baki ɗaya masu rajista sun haura miliyan 93 amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, wajen kashi 27 cikin 100, ban yi mamaki ba ko kaɗan, domin na ga samfurin abin a tsakar gidanmu.

Batun inda unguwa ta karkata kuwa, wanda ya mayar da katinsa unguwar ne yake yanke shi. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta buɗe rajista da sauya rumfa tun tsakiyar 2021, aka rufe ƙarshen Yulin 2022. Gaskiya ɗaya ce, maƙwabtanmu 'yan Kudu da na Filato da Kudancin Kaduna sun fi mu ɗaukar abin da zafi. Matasansu sun yi ta bin layi, a coci ana tuna musu duk Lahadi. Mu kuwa sai "ai a gida zan yi". Da aka ƙirga, Peter Obi, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Labour, ya cinye Karu, ya ɗauki jihar Nasarawa gaba ɗaya, alhali shugaban APC na ƙasa a lokacin, Abdullahi Adamu, ɗan Keffi ne, nan gaba da mu kaɗan. A Abuja ma Obi ya samu sama da ƙuri'a 280,000, Tinubu na APC bai kai 100,000 ba. Wasu abokaina suka yi ta cewa an yi maguɗi. Na ce musu ku fito da katinanku tukuna mu ga adireshin.

Sai dai kada ka ɗauka Mararaba ta zama gidan jam'iyya ɗaya. A ranar nan dai, kujerar sanatan Nasarawa ta Yamma Ahmed Wadada na SDP ne ya ɗauke ta. Mutum ya dangwala wa wata jam'iyya a sama, wata a ƙasa, ko a jikinsa. Bayan mako uku da aka zo zaɓen gwamna, rumfarmu da a Fabrairu muka kai bayan la'asar a layi, kafin azahar ta yi fayau. Ɗan haya da ke aiki a Abuja bai ɗauki gwamnan da ke Lafiya a bakin komai ba, ko da kuwa kwatar ƙofar gidansa da shara da makarantar 'ya'yansa duk a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Waɗanda ba sa fashi su ne Gbagyi 'yan ƙasa, da masu gidan kansu, da 'yan kasuwar da suka kafu. Su ɗan siyasa ya sani da suna, su yake kai wa gaisuwar mutuwa.

Tunda ka ce kana son taimaka wa wani ɗan takara a unguwarku, kada ka ƙirga rufin kwano. Ka nemi rajistar rumfunan, ka bi gida-gida ka tambayi inda katin kowa yake, tun kafin INEC ta rufe sauya rumfa. Ni nawa sai a 2022 na mayar da shi Karu, bayan na yi zaɓe biyu ina biyan kuɗin mota zuwa garinmu. Mai naman har yau nasa na Funtuwa, ya ce wai sai ya gina gida tukuna.