Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya a kan taron bita

Ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ka ce an ɗora maka shirya taron bita na malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin manoma a yankin Haɗeja, kuma a na bara wasu barci suka yi, wasu suka sa hannu a takardar kuɗin mota suka zame bayan Azahar. Kana neman yadda mutane za su buɗe baki. Kada ka ga laifinsu. An saba musu da cewa nasu sauraro ne kawai da tafi.

Fara da babban teburi. Dagaci ya zo, liman ya buɗe da addu'a, a yi gaisuwa a girmama su, sannan a raka su. Babu manomin da zai ce taki bai iso ba alhali uban ƙasarsa na zaune a gabansa. Suna fita a kwashe teburin, a karkasa mutane biyar-biyar ko shida-shida a kan tabarmi.

Ni abin da ya same ni har yau yana ci mini rai. A 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kura da Kadawa, aka kira mu taro a kan annobar. Na roƙi wani dattijo manomi ya biyo ni, domin shi ya fara nuna mini cewa tsutsar a cikin ganye take shigewa, shi ya sa feshi ba ya taɓa ta, kuma ƙwaron da ke haifar ta sai da magariba yake tashi. Tun safe muke zaune. Manyan baƙi ba su iso ba sai da rana ta take. Jawabin maraba, jawabin wakilin wane, jawabin godiya, sannan ƙasida da Turanci a majigi, janareta na ɗaukewa ana dawo da shi. Da aka ce a yi tambayoyi, bawan Allahn nan ya miƙe, ya yi sallama, ya fara bayani a tsanake irin na manya. Ko rabi bai kai ba shugaban taron ya ce, "Baba, ba labari muka zo ji ba, lokaci ya ƙure." Ya sa aka karɓe lasifikar daga hannunsa. Mutumin da a shekaru ya haife shi! Wasu har da dariya. Dattijon ya zauna yana gyara hula, bai ƙara ɗaga kai ba. A hanya na yi ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai sake amsa gayyatata ba har Allah ya yi masa rasuwa. Shi kuwa wancan an ba shi lambar yabo a ƙarshen taron, kuma har gobe shi ake kira ya shugabanci irinsa. Allah ya isa tsakaninmu da wulaƙanta talaka.

Saboda haka ka zaɓi mai jan ragamar zaman da kanka, mai haƙuri, wanda zai jefa tambaya ya iya yin shiru. Masu ƙasida kowa minti 15, da Hausa, kuma a faɗa musu tun kafin ranar. Ƙananan ma'aikata su riga shugabanninsu magana, in ba haka ba kowa "kamar yadda oga ya faɗa" zai ce. Mata a ba su tasu da'irar da mace mai jagoranta, daga baya ta kawo abin da suka tsayar.

Af, ka duba ranar kasuwa. Alhamis ta Maigatari ce, Lahadi ta Gujungu, ka sa taro a ranakun nan jiki ne kawai zai zo maka. Kuɗin motar ma a biya da wuri, cikin mutunci. Mutum ya taso daga Guri ko Kirikasamma da bashin ɗan acaɓa a kansa, a bar shi a layi har Magariba, da wace zuciya zai ba ka shawara? Wannan ma na sha ganinsa, kuma yana ƙona ni.

Wajen zaɓen abin da za a tattauna, zana matsalolin a ƙasa, kachalla da ta toshe hanyar ruwa, tsuntsayen jan-baki, ambaliya, tsadar taki, ka ba kowa ƙwayar masara goma ya raba yadda abin ya fi damunsa. Wanda bai yi boko ba ma ya yi zaɓe. Mai son rubuta tambayarsa da ajami a bar shi.

In da hali, zaman yamma a yi shi a gona. Makarantar manoma a gona da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara a Indonesiya a 1989 haka take: manoma kamar 25 su duba shuka da idonsu, malami nasa tambaya ce kawai. Abin da ƙungiyoyin suka faɗa a rubuta a kwali a karanta musu kafin a tashi, a kuma faɗi wanda zai bi kowace magana da ranar da zai dawo musu da amsa. Allah ya dafa maka.