Yadda za ka raba abin da umarni ɗaya ya fitar ga shirye-shirye da yawa

Yarona, ka ce kana son ka ɗauki ajiyar rumbun bayanai da pg_dump (umarnin da ke kwafo rumbun bayanan PostgreSQL), ka matse ta, ka fitar da lambar sha256 ɗinta (lambar da ake tabbatar da cewa bayanai ba su canza ba), ka ƙirga layukanta, duk a gudu ɗaya. Tunaninka ya yi, domin in ka maimaita umarnin, bayanan na iya canzawa a tsakani, lambar ta ƙi dacewa da fayil ɗin.

Aikin tee ke nan. Kamar mahaɗar bututun famfo yake, ruwa ɗaya ya shigo, ya fita ta baki da yawa:

pg_dump shago | tee >(sha256sum > shago.sha256) >(wc -l > layuka.txt) | gzip > shago.sql.gz

Kowane >( ) dole ka ba shi fayil ɗinsa. In ka manta, abin da ya fitar zai bi bututun ya faɗa cikin gzip, ya gurɓata ajiyar ba tare da wani ƙorafi ba.

Wannan salon na bash ne da zsh da ksh, wato nau'o'in shell, shirin da ke karɓar umarninka ya gudanar. A Debian da Ubuntu, /bin/sh dash ne, bai san shi ba, zai tsaya da kuskure a kan alamar "(". Saboda haka ka fara rubutunka da #!/bin/bash. In dole sai sh, yi amfani da mkfifo, umarnin da ke ƙirƙirar bututu mai suna.

Inda ake shan wahala shi ne nan. Idan ɗaya daga cikin shirye-shiryen ya gama da wuri, kamar head mai karanta layukan farko kawai, tee zai sami SIGPIPE (saƙon cewa an rufe bututun) ya mutu, sauran su tashi da rabin bayani. Maganinsa tee -p, wanda ke cikin GNU coreutils tun 8.24. Sannan bash ba ya jiran abin da ke cikin >( ) ya kammala, kuma set -o pipefail, mai nuna faɗuwar kowane umarni a cikin bututu, ba ya ganin faɗuwarsa. Kada layi na gaba ya karanta shago.sha256 sai ka tabbatar an rubuta shi.

Wajen rubuta bayani a cikin rubutun naka kuma, kada ka tsaya kan "wannan yana ajiya". A saman fayil ɗin ka faɗi shell ɗin da ake buƙata, da fayilolin da za su fito, da dalilin sa -p in ka sa. Ka kuma bayyana cewa lambar ta bayanan da ba a matse ba ce, ka ajiye wa mai zuwa bayanka umarnin dubawa:

zcat shago.sql.gz | sha256sum -c shago.sha256