Tambaya da Amsa: Me ya kai mai sarautar gado majalisar wakilan Ingila?

Tambaya: Malam, ina rubuta aikin kammala digiri kan Sir Francis Burdett, wani ɗan siyasar Ingila mai sarautar baronet. Mai duba aikin ya ja jan biro a inda na rubuta cewa sarautarsa ce ta ba shi kujera a majalisa, bai yi bayani ba, ga lokacin miƙa aiki ya ƙarato. Kuma wani a intanet yana ce min har yau ana sayen irin wannan sarauta. Ina kuskurena?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗalibi, jan biron nan gata aka yi maka. Duba shekarun kawai. Burdett ya shiga majalisar wakilai a 1796, sarautar baronet kuwa sai a 1797 ya gaje ta daga kakansa. Kujerar mazaɓar Boroughbridge da ya fara shiga majalisa da ita sayenta aka yi, fam 4,000, bayan ya auri Sophia, 'yar mai banki Thomas Coutts, a 1793. Kuɗin suruki da gonakin gidansu a Derbyshire da Wiltshire su suka buɗe masa ƙofa.

Baronet sarautar gado ce mai laƙabin Sir, amma mai ita ba Lord ba ne. A shari'a shi da sauran jama'a ɗaya ne, ba shi da kujera a majalisar sama ta masu sarautar Lord, shi ya sa yake iya tsayawa zaɓe. Burdett ya wakilci Westminster daga 1807 zuwa 1837, yana sukar bulala a soja da halin da gidajen yari ke ciki, yana neman a gyara zaɓen da shi kansa ya ci moriyar ruɓewarsa. A 1810 majalisa ta yanke a kai shi a tsare a Hasumiyar Landan saboda rubutun da ya yi yana ƙalubalantar ikonta na tsare mutane. Ya kulle ƙofar gidansa da ke Piccadilly, jama'a suka cika titi, da sojoji suka fasa gidan suka tarar da shi yana karanta wa ɗansa Magna Carta, tsohuwar takardar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila. Ni dai ina ganin shiri ne, amma shirin ya ci. A 1820 kuma aka same shi da laifi kan wasiƙarsa game da kisan Peterloo, wato kisan da sojoji suka yi wa masu gangami a Manchester, aka yanke masa tarar fam 2,000 da ɗaurin wata uku a 1821. Ƙarshen rayuwarsa ya koma ɓangaren 'yan mazan jiya, yana wakiltar arewacin Wiltshire har ya rasu a 1844.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai, wato maganar mutumin nan na intanet. Irin wannan tambaya ba ta yankewa, kuma galibi sai kuɗi sun fita ake zuwa. Gaskiya ne Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro sarautar a 1611 don tara kuɗin sojojinsa a yankin Ulster na Ireland, fam 1,095 kowane mutum. Wannan guntuwar gaskiyar 'yan damfara ke riƙewa su yi ta kaɗa wa mutane. Amma tun 1925 doka ta haramta cinikin lambobin girma a Birtaniya, bayan badaƙalar zamanin Firayim Minista Lloyd George, har aka ɗaure dillalinsu Maundy Gregory a 1933. Baronet na ƙarshe da aka naɗa shi ne Denis Thatcher, mijin Firayim Minista Margaret Thatcher, a 1990. Akwai kundin hukuma na masu sarautar tun 1910, kuma sai ka tabbatar da gadonka da takardu kafin a sa sunanka.

To me ake sayar muku? Takarda mai kwalliya da jan hatimi, ko wani fili a Scotland da bai kai faɗin dardumar salla ba, a ce ka zama Lord. Ba biza a ciki, ba fasfo, ba kujera. Mutum da furfurarsa ya sayar da fili na gaske ya sayi wannan, ya rataya a falo, har a yi masa walima! Kada ka tura wa mutumin nan na intanet ko sisi, ka toshe lambarsa.

A aikinka kuwa, goge jimlar nan ka rubuta cewa sayen kujerar ya riga gadon sarautar da shekara guda, ka sa shekarun biyu kusa da juna yadda mai dubawa zai gani.