Kawu, ka bar kilishin a gida, ba za ka kwana da yunwa a Roma ba

Kawu, barka da war haka, ya iyali? Saƙonka ya iso. Ka ce bayan taronku a hedikwatar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, za ka ƙara kwana uku a Roma, kuma an faɗa maka ƙasar nan daga alade sai giya, har kana shirin cika jaka da kilishi. Ka bar shi a gida, dokar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama, a filin jirgi za a karɓe. Ka tambaya mu da muke zaune a nan me muke ci, bari in ba ka amsa.

A gidajenmu tuwo muke ci. Ranar Asabar da safe muna zuwa kasuwar Esquilino da ke kusa da tashar Termini, inda mahauta Musulmi ke sayar da naman halal, ga doya da kuɓewa da attarugu da busasshen kifi. Garin semolino na Italiyawa shi muke tuƙawa. Su ma mutanen arewacin ƙasar suna da nasu tuwon masarar, polenta suke ce masa.

Amma ba zan so ka zo har Roma ka ƙare kwanakinka a shagon kebab ba, kamar yadda baƙinmu da yawa ke yi don tsoro. Abincin mutanen nan yana da daɗi, kuma mai yawa a ciki ya halatta gare mu. Matsalar ita ce alade a nan sunansa ba ɗaya ba. Sunan dabbar maiale, amma da wuya ka ga wannan kalma a takardar abinci. Abin da za ka gani shi ne prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, speck, da strutto, wato kitsen da ake sa wa wasu burodi da kayan fulawa. Shekarata ta farko na shiga wani ƙaramin gidan abinci, na ce wa mai kawo abincin ba na cin maiale. Ya gyaɗa kai, ya kawo mini taliya mai jar miya. Na juya cokali sai ga 'yan gutsattsarin nama soyayyu suna ƙyalli. Da na nuna masa, da zuciya ɗaya ya ce ai guanciale ne kaɗan don ɗanɗano. A ransa bai yi mini ƙarya ba, kayan miya ya ɗauke shi. Tun ranar nake lissafa sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Taliyar da Roma ta yi suna da ita kala huɗu ce, uku a ciki, carbonara da amatriciana da gricia, duk da kumatun alade ake yi. Ta huɗun, cacio e pepe, cukun tunkiya ce da masoro kawai, ita nake so ka ɗanɗana. Ka ci pizza margherita ko marinara hankalinka kwance. Ka kuma leƙa tsohuwar unguwar Yahudawa a bakin kogin Tevere, gidajen abincinsu na kosher, wato masu bin ƙa'idar abinci ta addininsu, ba sa taɓa alade ko kaɗan. Nama kuwa mun rabu biyu: wasu na ci a waje bisa hujjar yankan Ahlul Kitabi, mu da yawa kifi da ganye muke nema, nama sai na mahaucinmu. Ba ma zargin juna a kan haka.

Giya tana kan kusan kowane tebur, kuma ba wanda zai matsa maka. Ka ce sono astemio, wato ba ka sha, an wuce wurin. Inda take ɓuya shi ne cikin dafaffiyar shinkafarsu risotto, da kayan zaƙi irin su wani tiramisu da babà, da gelato, wato askirim, mai suna malaga ko zabaione. Kofi ka sha a tsaye a gaban kanta kamar 'yan gari, ya fi araha a kan na zaune, sai dai ka guji caffè corretto, barasa ake ɗiga masa. Ruwa kada ka saya. Famfunan ƙarfe da ake kira nasoni suna kan tituna tun 1874, dare da rana suna zuba. Ka toshe bakin da yatsa, ruwan zai ɓullo ta ƙaramar hudar sama, mai sanyi kamar na randa.

Yawon gari kwana biyu ya isa. Colosseo, tsohon filin wasan Rumawa da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, ka sayi tikitinsa a intanet tun kana gida. A maɓuɓɓugar Trevi za ka ga ana jefa tsaba ta bayan kafaɗa, mu kallo muke yi mu wuce, kuɗin kuma ƙungiyar agaji ta Caritas ake ba. Cocin San Pietro wasunmu na shiga su ga gini, wasu na tsayawa a fili, zaɓi naka ne. Ka dai riƙe aljihunka a bas mai lamba 64.

Juma'a tawa ce. Zan same ka a Piazzale Flaminio mu hau jirgin ƙasa zuwa babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995. In an sallame ba ma watsewa, a harabar muke gaisawa da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, kuma a al'adarmu baƙon da ya zo daga gida ba ya barin wurin ba a ja shi cin abinci ba. Na riga na faɗa musu gidana za ka. Maman yara ta ce in roƙe ka kuka da daddawa da yajin gida, namu ya ƙare tun kafin azumi.